U-9 da jiragen Ingila uku: ba ƙirar Jamus ce ta yi aikin ba

In hira ta kai kan jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-9, masu sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya magana ɗaya suka fi yi: ƙirar Jamus ce ta yi halinta. Ba na ganin laifinsu. Ɗan jirgi mai mutum 29 ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku, Aboukir da Hogue da Cressy, a safiyar 22 ga Satumba 1914, daura da gaɓar Holan, mutum 1,459 suka halaka cikin kamar awa ɗaya da rabi. Ga kuma yardar da muka daɗe da yi wa duk abin da aka ce ɗan Jamus ne. Duk da haka, a ganina an ba ƙarfe yabon da bai ci ba.

A Danzig aka ƙera U-9, ya shiga aiki a 1910. Injinansa kananzir suke sha, suna tuttuɗo farin hayaƙin da ake hangowa daga nesa, alhali ɓuya ce jarin irin wannan jirgi. In ya nutse, da batir yake tafiya, gudunsa bai wuce kilomita 15 a awa ba, kuma dole ya taso ya yi caji. Tofido shida kacal yake ɗauka. A watan Agusta na 1914, jirage goma irinsa sun fita farauta, ba su nutsar da ko ɗaya ba. A cikinsu ma, jirgin Ingila Birmingham ya banke U-15, U-13 kuwa bai dawo ba. Da a ƙirar sirrin yake, ai da tun a nan an gani.

To, a dubi waɗanda aka nutsar. Tsofaffin jirage ne na wajen 1900, kowanne tan 12,000, cike da sojojin ko-ta-kwana da yara 'yan makarantar sojan ruwa. Hafsoshin Ingila da kansu suna yi musu laƙabi da abincin ƙugiya, har Churchill, shugaban ma'aikatar sojan ruwa a lokacin, ya rubuta a ranar 18 ga Satumba cewa a janye su. Ba a janye ba. Ƙananan jiragen da ke yi musu rakiya sun koma tashar Harwich saboda haukan teku. Haka ukun nan suka jeru suna tafiya a hankali, miƙe santal, ba sa karkace-karkacen da aka umarta don kauce wa tofido.

Abin da ya biyo baya shi ya fi sosa mini rai. Da tofido na farko ya sami Aboukir, kyaftin ɗinsa Drummond ya ɗauka nakiya ya taka, sai ya kira sauran biyun su matso. Hogue ya zo ya tsaya cik, ya sauke kwale-kwale yana tsamo mutane. Otto Weddigen, kwamandan U-9, ya aika masa tofido biyu daga kusa. Cressy ma ya tsaya aikin ceto, shi ma aka bi da shi. Ina fasahar ƙira a harbin jirgin da ke tsaye? Tausayin 'yan'uwa ne ya tsayar da mutanen nan, sakacin manyansu kuma ya kai su wurin. Ingila ta gane haka nan take, domin ta kafa dokar cewa babban jirgi ba zai ƙara tsayawa ceton wanda aka harba ba.

Ba na tauye wa Weddigen haƙƙinsa. Sake ɗura tofido a ƙarƙashin ruwa, a cikin jirgin da goshinsa ke neman ɓullowa sama duk lokacin da aka harba, aiki ne na ƙwarewa da dakiyar zuciya. Amma wannan yabon mutum ne da ma'aikatansa.

Wani zai ce ai U-9 ya maimaita a ranar 15 ga Oktoba, ya nutsar da jirgin yaƙin Ingila Hawke da mutum 524. Gaskiya ne. Sai dai Hawke ya ma fi waɗancan tsufa, kuma bai daɗe da tsayawa karɓar wasiƙu daga jirgin Endymion ba, yana tafiya shi ma ba karkacewa. Bayan nan, yawancin abin da U-9 ya samu a Mayun 1915 jiragen masunta ne, kuma a 1916 aka mayar da shi jirgin koyarwa.

Weddigen kuwa an ba shi U-29, sabon jirgi mai injin dizal wanda ya fi U-9 ta kowace fuska. Ranar 18 ga Maris 1915 ya kai hari kan manyan jiragen Ingila masu tafiya a faɗake. Aka hango shi, jirgin Dreadnought ya juyo ya bi ta kansa, ba wanda ya tsira a cikin U-29.