Hassan Ciroman Katsina, ɗan sarkin da ya gaji sandar folo

Matafiyin da ya taso daga Kafanchan ya biyo ta Kachia, da zarar ya wuce Mararaban Rido da matatar mai, ya shigo Kaduna, garin da sunan wani ɗan sarki ke ta maimaituwa a cikinsa. Ga Gidan Hassan Katsina a Kawo, ga wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji a bakin kogin Kaduna, shi ma sunansa ya ci. Matasa sun san shi da Janar, gwamnan tsohuwar Jihar Arewa. Masu sha'awar dawaki kuwa, in aka ce Ciroman Katsina, abin da ke faɗo musu a rai shi ne mahayi da doguwar sanda a hannun dama, ya sunkuya yana bin farar ƙwallo a guje.

Wannan sanda gado ce tun daga kakansa, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Hafsoshin Turawa ne suka kawo ƙwallon dawaki, wato folo, Najeriya, suka kafa kulob a Legas a 1904, suna bugawa su ya su. A 1921 Dikko ya je Ingila tare da ɗansa Usman, a tafiyar da ta kai su aikin hajji. Da ya rungumi wasan, sai ya sa aka share fili a Katsina, ya ɗora 'ya'yansa da mutanen fada a kan sirdi, ya danƙa musu sanduna. Ba hawa aka koya musu ba, don garin da ya saba da sukuwa da hawan sallah ba ya rasa mahaya. Ƙa'idar wasan kawai suka ɗauka, kuma ba a jima ba suka fara doke waɗanda suka kawo shi. Har gobe akwai unguwa a Katsina da ake kira Filin Folo.

Usman Nagogo, mahaifin Hassan, shi ya kai abin ƙololuwa. A folo kowane ɗan wasa yana da lambar gwaninta, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa goma, kuma kwamiti ne ke ba da ita bisa abin da ya gani a fili. Akasarin masu wasa a duniya ba sa wuce biyu har su ajiye sanda. Nagogo ya kai bakwai. Ya yi wannan suna ne alhali yana riƙe da aikin hukuma, na shugabancin 'yan doka, sannan Magajin Gari, kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Abin da ya sa lambar ke da daraja shi ne ba a samunta da naɗi. Ɗan sarki yana iya samun doki mafi kyau a barga, amma in abokin karawa ya matso shi kafaɗa da kafaɗa, ba dogarin da zai ture masa shi.

Wasan kansa ba na mai tsoro ba ne. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, a filin da tsawonsa ya kai kusan mita 275. Ana buga shi zango-zango, kowane zango minti bakwai, daga nan a sauya doki, don ba dabbar da za ta jure wannan gudu da birki da juyi ba hutu. Dole sanda ta kasance a hannun dama ko da mutum bahago ne, linzami a hagu. Layin da ƙwallo ta bi shi ne doka: wanda ya gitta gaban mai bin layin ya yi laifi, domin a nan ne dawaki ke karo, mahayi ya karye. Kafin a fita, sai a naɗe ƙafafun doki da ƙyalle saboda bugun sanda, a kitse wutsiyarsa a ɗaure kada ta harɗe. Idan mahayi ya miƙe a kan likkafa ya karkata zai buga, rabin aikin dokin ne ke yinsa da kansa.

A wannan gida aka haifi Hassan a 1933. Ya yi karatu a Katsina da Kwalejin Barewa, ya shiga soja a 1956, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo. A Janairun 1966 yana jagorantar rundunar motocin sulke a Kaduna, irin rundunar da a tsarin sojan Ingila ita ta gaji aikin mahaya dawaki. Bayan kisan Sardauna, Janar Ironsi ya naɗa shi gwamnan Arewa yana ɗan shekara 32. Ya halarci taron Aburi a Gana a 1967, ya riƙe Arewa har aka raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayu na shekarar, sannan ya zama shugaban hafsoshin sojan ƙasa a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya bar soja a 1975.

Da Nagogo ya rasu a 1981, sarautar Katsina ta koma hannun ɗansa Muhammadu Kabir Usman, ɗan'uwan Hassan, wanda shi ma ɗan folo ne. Hassan ya zauna a Kaduna da sarautarsa ta Ciroma, ya zama uba ga wasan a faɗin ƙasa. Gasar Kaduna ta shekara-shekara a Dandalin Murtala, inda ake fafatawa a kan kofin Georgian da aka soma bugawa tun 1919, tana haɗa mahaya daga Legas da Ibadan da Kano da Katsina da Jos. A shekarun da suka biyo bayan yaƙi, wurin da ɗan Kudu da ɗan Arewa, soja da farar hula, za su sa riga iri ɗaya su bi ƙwallo ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Ya rasu ranar 24 ga Yuli 1995, kuma filin folo na Jos sunansa yake ɗauke da shi.

Akwai waɗanda ba a sa wa fili sunansu ba, kuma ya kamata a tuna da su. Su ne yaran barga, masu tashi da asuba su share turke, su zuba harawa da dusa, su jiƙa kanwa, su kai doki zagaye kafin rana ta yi zafi. Da yawa daga cikinsu sun ƙware a wasan har suna shiga gasa, amma doki ba nasu ba ne.

A batun doki ne wasan ya fi sauyawa. A zamanin Dikko da dawakin ƙasar nan ake bugawa, waɗanda Bakatsine ya san kiwonsu. Yanzu manyan kofuna sai da dawakin Ajantina da ake shigowa da su da kuɗin waje, wani lokaci har da mahayansu. Kulob ɗin Fifth Chukker da aka kafa a kan hanyar Jos a 2001 ya jawo 'yan wasan duniya zuwa Kaduna, abin alfahari ne. Sai dai kulob-kulob ɗin suna da sauran aiki: su ƙara wa gasannin dawakin gida kuɗi da martaba, su kuma buɗe wa yaron barga mai baiwa hanyar da lambarsa za ta hau.