Zaɓen Tsirkiyar Jita Gwargwadon Amon Ƙwaryarta

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa jita biyu za su iya fitowa daga hannun masassaƙi ɗaya, amma a ji amonsu ya sha bamban. Haka kuma jita guda kan sauya murya idan aka sauya mata tsirkiya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake zaɓa wa jita marar lantarki tsirkiyar da ta dace da ita. Abin da maƙalar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, babu wata tsirkiya da ta fi kowace kyau a karan kanta. Kyawunta ya danganta ne ga ƙwaryar da aka ɗaura ta a kai, wato ta cike abin da ƙwaryar ta rasa, kuma kada ta ja ta fiye da ƙarfinta. Masu iya magana na cewa kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

Domin sauƙin bayani, an ari sunayen da makaɗan garaya da molo da goge suka daɗe suna amfani da su. Ƙwarya ita ce akwatin jita, fuska ita ce allon samanta mai huda, jaki kuwa shi ne guntun icen da tsirkiya ke hawa a kan fuskar. Inda Turawa suke siffanta amo da haske ko ɗumi, a nan an bi al'adar Bahaushe, wanda yake auna amo da kaifi da kauri da zaƙi da taushi.

2.0 Inda Amo Yake Fitowa

Tsirkiya kaɗai ba ta da wani amon kirki, domin siririya ce, ba ta iya tura iska mai yawa. Idan aka kaɗa ta, karkarwarta kan bi ta jaki ta shiga fuska, fuska ta girgiza iskar cikin ƙwarya da ta waje, sannan kunne ya ji. Antonio de Torres (1817–1892), masassaƙin Sifaniya wanda ya daidaita siffar jitar gargajiya ta Turai, ya nuna haka a aikace a shekarar 1862, lokacin da ya ƙera jita da bayanta da gefunanta na kwali ne, fuskarta kuwa ta ice mai kyau. Jitar ta yi amo, har yau kuma tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

Ita kuwa tsirkiya, abubuwa uku ne ke hukunta tashin muryarta, kamar yadda malamin Faransa Marin Mersenne ya tsara a shekarar 1636: tsawonta, da nauyinta, da ƙarfin jan da aka yi mata. Tunda tsawon wuyan jita ba ya sauyawa, kuma muryar da ake so kowace tsirkiya ta bayar sananniya ce, to duk wanda ya ƙara wa tsirkiya kauri ya ƙara wa jaki kaya ke nan. Daga nan ne dukkan maganar zaɓe ta samo tushe.

3.0 Rabe-raben Tsirkiya

3.1 Nailon ko Ƙarfe

Wannan shi ne rabo na farko, kuma ba zaɓin makaɗi ba ne, masassaƙi ya riga ya yanke shi. Jitar gargajiya irin ta Torres fuskarta sirara ce, an tokare ta daga ciki da 'yan itatuwa da aka baje kamar mafici. Da can tsirkiyar hanjin tumaki ake ɗaura mata, sai da hanji ya yi wuyar samu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Albert Augustine ya fito da ta nailon a birnin New York wajen 1947, tare da goyon bayan shahararren makaɗi Andrés Segovia. Tsirkiyoyin nailon guda shida, idan an ɗaure su, jansu bai wuce kimanin kilo 40 ba.

Jitar tsirkiyar ƙarfe kuwa a Amurka ta girma. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833, shi ya yaɗa salon tokare fuska da itatuwa biyu a gicciye, salon da daga baya ya ba jita damar ɗaukar jan ƙarfe na kilo 70 zuwa 85. Haka nan akan saka sandar ƙarfe a cikin wuyan irin wannan jita don kada ya lanƙwashe. Saboda haka, wanda ya ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar nailon ya ninka mata kaya, kuma ƙarshenta jaki ya ɗago, fuska ta kumbura, wuya ya karkace. Wanda ya yi akasin haka bai lalata komai ba, sai dai nailon ba shi da ƙarfin motsa fuska mai kauri, amon sai ya fito a shaƙe.

3.2 Kauri

Ana auna kaurin tsirkiya da kason inci, kuma ana kiran jeri guda da lambar tsirkiyarsa mafi siranta. Jeri mafi sauƙi kan fara daga .010 zuwa .047, mai sauƙi daga .012 zuwa .053, matsakaici kuwa daga .013 zuwa .056. A ido bambancin ba shi da yawa, amma a lissafi ba haka ba ne, domin ja yana ƙaruwa ne gwargwadon kauri sau kauri. Tashi daga .012 zuwa .013 ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari ne a kan tsirkiya guda. Tsirkiya mai kauri tana ba da amo mai ƙarfi mai daɗewa, amma tana cin yatsa, kuma idan fuskar jita marar ƙarfi ce takan danne ta ta hana ta rawa. Siririya tana da taushin taɓawa da kaifin murya, amma idan aka doke ta da ƙarfi sai ta riƙa gogar ƙarafunan wuya tana zuza.

3.3 Naɗi

A jitar ƙarfe, tsirkiyoyi biyu na sama ƙarfe ne zalla, huɗu na ƙasa ne ake yi wa naɗi da wata waya domin su yi nauyi ba tare da sun sandare ba. Ke nan zaɓen naɗi huɗun nan kawai ya shafa. Wani naɗi da aka daɗe ana amfani da shi shi ne wanda ake kira 80/20, wato kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 tutiya. Sabonsa yana da kaifi ƙwarai, yana fito da can sama da can ƙasa, amma gumin hannu kan dusashe shi da wuri. A 1974 kamfanin D'Addario ya fito da wani naɗin mai kimanin kashi 92 na jan ƙarfe da 8 na kuza da ɗan sinadarin fosforas. Wannan ya fi kauri da zaƙi a tsakiyar murya, ya kuma fi jure tsatsa. Akwai kuma mai zaren siliki a ƙarƙashin naɗi, wanda jansa kaɗan ne, amonsa mai taushi, tsakanin nailon da ƙarfe. A 1997 aka shigo da tsirkiyar Elixir, wadda aka lulluɓe da siririyar roba don kare ta daga datti. Tana daɗewa, sai dai wasu makaɗa na ganin lulluɓin yana rage mata kaifi.

4.0 Daidaita Tsirkiya da Ƙwarya

A nan ne gundarin aikin yake. Kafin a sayi tsirkiya, ya kamata a fara sauraron jita a gane halinta, kuma abubuwa uku ne ke bayyana wannan hali: girma, da ice, da tsawon wuya.

Ta fuskar girma, babbar jitar da Martin ya fara ƙerawa a 1916, wadda aka raɗa wa sunan jirgin yaƙin Ingila Dreadnought, fuskarta faffaɗa ce, tana bukatar ƙarfi kafin ta motsa. Tsirkiya matsakaiciya ce ke tashe ta, musamman ga mai kiɗa da farce. Ƙaramar jita kuwa, balle tsohuwa marar sandar ƙarfe a wuya, ba ta bukatar wannan. Mai sauƙi ko mai siliki ta ishe ta, kuma a nan ne zaƙinta yake fitowa.

Ta fuskar ice, fuskar sifurus tana da tauri, tana karɓar duka mai ƙarfi ba tare da amon ya rikice ba. Fuskar sida kuwa mai taushi ce, taɓawa kaɗan take amsawa, don haka ta fi son tsirkiya mai sauƙi da kiɗan yatsa. Icen baya da gefuna shi ma yana da nasa tasiri. Roswud yana ba da ƙasa mai kauri da amsa-amo mai yawa, har wani lokaci muryoyi su cakuɗe, kuma naɗin 80/20 kan tsefe su. Mefil amonsa kaifi ne da shi, kuma ba ya daɗewa, saboda haka naɗin kuza ko na siliki ne ke sanyaya shi. Mahogani, wanda wani nau'insa da masassaƙa ke amfani da shi a yau dangin maɗacinmu ne, ƙarfinsa a tsakiyar murya yake. Wanda yake son ya ƙara masa wannan zaƙi sai ya ɗaura naɗin kuza, wanda kuma yake son ya buɗe masa sama sai ya ɗaura 80/20. Ƙa'idar dai ita ce, ba a ƙara wa mai kaifi kaifi, ba a kuma ƙara wa mai kauri kauri, sai fa in da gangan ake neman hakan.

Ta fuskar tsawo, tazarar da tsirkiya ke karkarwa a yawancin manyan jitocin Martin inci 25.4 ce, ta Gibson kuwa kimanin 24.75. Tsirkiya ɗaya za ta fi saki a kan gajeriyar, don haka gajeriyar jita kan ɗauki kaurin da zai wahalar da yatsa a kan doguwa.

5.0 Yanayin Ƙasa da Hanyar Gwaji

Masu ƙera jita na ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, abin da ba kasafai ake samu a Nijeriya ba. A garuruwan bakin teku irin su Legas da Fatakwal da Kalaba, inda jita ta yi kaka-gida tun zamanin da matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kuru na Laberiya suka yaɗa salon kiɗansu, danshi da gishiri kan cinye naɗin 80/20 cikin ɗan lokaci. A can naɗin kuza ko mai lulluɓi ya fi riba. A Arewa kuwa hunturu ne abin tsoro: ice kan bushe ya tsuke, fuska ta lotsa ko ta tsage. Ɗora wa jita tsirkiya mai kauri a wannan lokaci ƙara mata wahala ne.

Wajen gwaji, abu guda ake sauyawa a lokaci guda, ko kauri ko naɗi, domin a san wanda ya kawo bambanci. Ba a yanke hukunci ranar da aka ɗaura, sai an bar tsirkiya ta kwana biyu ko uku ta zauna. Yana da kyau kuma wani ya kaɗa, mai jita ya tsaya gabanta ya saurara, saboda abin da mai kiɗa ke ji daga baya ba shi ne mai sauraro ke ji ba. Idan an sauya kauri, a duba ko wuya ya lanƙwashe ko tsirkiya ta yi nisa da shi, a kai wa mai gyara ya daidaita.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙwarya ce mai amo, tsirkiya kuwa mai tashe shi ce. Irin ginin jita shi ke raba tsakanin nailon da ƙarfe, girmanta da ƙarfin fuskarta su ke iyakance kauri, icenta da yanayin garin da take su ke nuna naɗin da ya dace. Bayan an kiyaye waɗannan, abin da ya rage na kunnen makaɗi ne da irin kiɗan da yake yi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga mai goge da ke tsintar izgar doki daidai da girman ƙwaryarsa. Bambancin kawai shi ne, masu jita sun auna nasu da inci da kilo, sun rubuta a jikin takarda.