Manhajojin ƙari na WordPress: Waɗanda shafi ke buƙata da waɗanda ke buɗe wa masu kutse ƙofa

A farkon watan Satumban 2020, masu shafukan intanet da dama sun wayi gari da labarin cewa masu kutse na shiga shafuka ta wata ƙaramar manhaja mai suna File Manager.

Aikin manhajar shi ne bai wa mai shafi damar duba fayilolinsa cikin sauƙi, kuma a lokacin tana kan shafuka sama da 700,000. Masu ita sun fitar da gyara, sai dai duk shafin da bai sabunta ba ya ci gaba da zama a buɗe.

Irin manhajar ce da mutum kan saka don aikin yini ɗaya, daga nan ya manta da ita.

File Manager ɗaya ce daga cikin manhajojin ƙari, ko fulogin kamar yadda masu harkar ke kiransu, da ake ɗorawa a kan WordPress domin ƙara masa aiki. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, shi ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a duniya.

A rumbunsa akwai manhajojin ƙari kusan 60,000 na kyauta. Wannan yalwar ce ke ruɗar sabon mai shafi, har ya jibga ashirin ko talatin alhali kaɗan yake amfani da su.

Kowace manhaja nauyi ce, kuma ƙofa ce

Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaron intanet Patchstack sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na ɓarakar tsaro da ake ganowa a duniyar WordPress daga manhajojin ƙari take fitowa. Kaɗan ce ke fitowa daga WordPress ɗin kansa.

Bayan tsaro akwai batun nauyi. Manhajoji da yawa na ƙara fayilolin da wayar mai karatu za ta sauke duk lokacin da ya buɗe shafi. Google na ɗaukar shafi a matsayin mai sauri idan babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma da sigar waya yake auna shafuka.

A Najeriya, inda hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, shafi mai nauyi aljihun mai karatu yake taɓawa.

Ayyuka biyar da shafi ba ya rasawa

Hanya mafi sauƙi ita ce mai shafi ya fara lissafa ayyukan da yake buƙata, sannan ya bai wa kowane aiki manhaja ɗaya.

Na farko shi ne ajiyar kwafi. Manhaja kamar UpdraftPlus na kwafe shafi gaba ɗaya ta aika shi Google Drive ko Dropbox. Dole kwafin ya zauna a wani wuri dabam, domin idan ma'ajiyar kamfanin da ke bai wa shafin masauki ta lalace, kwafin da ke cikinta ma ya tafi.

Na biyu tsaro ne. Wordfence na cikin waɗanda aka fi sani. Tana tare masu gwada kalmar sirri ba ƙaƙƙautawa, tana kuma ba da damar tabbatar da mai shiga ta matakai biyu.

Na uku sauri ne. WP Super Cache da LiteSpeed Cache kan ajiye shafi a shirye, maimakon a sake haɗa shi duk lokacin da wani ya buɗe. LiteSpeed Cache tana yin wannan aiki ne a ma'ajiyar da ke amfani da fasahar LiteSpeed, don haka ya kamata a fara tambayar kamfanin masauki.

Na huɗu shi ne fitowa a sakamakon bincike. Yoast SEO da Rank Math na taimakawa wajen tsara take da taƙaitaccen bayanin da Google zai iya nunawa, da hoton da zai fito idan an tura labari a Facebook ko WhatsApp.

Na biyar shi ne fom ɗin tuntuɓa da tace saƙonnin banza. Contact Form 7 ta daɗe tana aikin fom. Akismet kuwa tana zuwa tare da WordPress, amma shafin kasuwanci sai ya biya kafin ya yi amfani da ita.

Mai sayar da kaya zai ƙara WooCommerce, sannan ya haɗa ta da Paystack ko Flutterwave domin karɓar kuɗi da naira. Wanda ba ya sayar da komai ba shi da dalilin ɗaukar wannan nauyi.

Manhajoji biyu a kan aiki ɗaya kan yi karo. Biyu na sauri na iya hana sabon labari bayyana, biyu na bincike kuma kan aika wa Google bayanai masu cin karo da juna.

Akwai ma ayyukan da WordPress ya riga ya karɓe. Tun daga siga ta 5.5 da ta fito a watan Agustan 2020, yana haɗa taswirar shafi domin injinan bincike, yana jinkirta sauke hoto har sai mai karatu ya kusa isa wurinsa, yana kuma iya sabunta manhajojin ƙari da kansa.

Abin dubawa kafin a saka

Shafin kowace manhaja a rumbun WordPress na nuna ranar da aka sabunta ta a ƙarshe, yawan shafukan da ke amfani da ita, da sigar da aka gwada ta a kai. Idan ba a gwada ta da manyan sigogi uku na baya-bayan nan ba, gargaɗi kan fito a sama. Yana da kyau a duba ko masu ita na amsa ƙorafin jama'a.

Yawan masu amfani ba ya nufin a saki jiki. A 2017, an sayar da wata manhaja mai suna Display Widgets da ke kan shafuka kimanin 200,000. Sabon mai ita ya cusa mata wata ɓoyayyiyar hanya ta wallafa tallace-tallacen banza a shafukan mutane ba da saninsu ba, har aka cire ta daga rumbun.

Haɗari mafi girma yana tare da manhajojin kuɗi da ake rabawa kyauta a shafukan satar fasaha. A 2019, Wordfence ta bayyana cewa wata muguwar manhaja mai suna WP-VCD, wadda ta addabi shafukan WordPress, ta irin waɗannan kwafe take yaɗuwa. Mai shafi da hannunsa yake saka ta. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Ga wanda ya riga ya tara manhajoji, gyaran ba shi da wuya. Ya fara ajiye kwafin shafin, sannan ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar aikin da kowace ke yi.

Wadda ya kasa faɗin aikinta, ya kashe ta ya ga ko wani abu zai lalace. Idan komai lafiya, ya goge ta baki ɗaya, domin manhajar da aka kashe kawai fayilolinta na nan a ma'ajiya, kuma wasu ɓarakar ta nan ake shiga.