Ko Ka San Katako Ba Ya Daina Motsi?

Ko ka san cewa katako, ko ya shekara 50 da sarewa, yana nan yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita? In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya tsuke. Abin mamakin shi ne ba ta ko'ina yake yin haka daidai ba. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, faɗin falanki kan ragu da kashi 4 zuwa 8 cikin 100, amma tsawonsa da ƙyar yake raguwa da kashi 0.2. A Gombe, inda hunturu ke busar da iska ƙayau, damina kuma ta cika ta da laima, lamarin ba ƙarami ba ne. Shi ya sa ƙofar da ke cijewa a watan Agusta take lako-lako a Janairu.

Kafintan da zai ƙara wa teburin injin zarto fikafikai, don ya ɗauki filawud mai ƙafa 4 da 8, da wannan ya kamata ya fara lissafi. Da yawa za su nufi Kasuwar Katako su zaɓo madaci mai kauri, su ce ƙarfi ake nema. A ganina kuskure ne. Fiffike mai faɗin santimita 60 yana iya motsa kusan santimita 1 tsakanin damina da hunturu, alhali ƙarfen da aka ɗaure shi a jiki yana nan yadda yake. Ko ya tsage a bakin noti, ko ya gantsare. Gantsarewar ce abin tsoro, domin zarto mai inci 10 da ke juyi 4,000 a minti, haƙoransa na gudun kusan kilomita 190 a awa. Da zarar katakon da ake turawa ya yi tuntuɓe ya matse zarton, sai ya dawo wa mai turawa a ciki.

Filawud ne maganin, kuma hikimarsa daga wannan halin katakon ta fito. Ana jera siraran yanka ne a gicce, wannan tsaye wancan kwance, a manne da gam, sai tsawon da ba ya motsi ya riƙe faɗin da ke son motsi. Dabarar ta tsufa ƙwarai: a Sakkara ta ƙasar Masar an tono akwatin gawa mai irin wannan jeri har hawa 6, wanda ya haura shekara 4,500. Ingila kuwa da filawud ta ƙera jirgin yaƙin Mosquito da ya fara tashi a 1940, ya shiga sahun mafiya gudu a zamaninsa!

Wani zai ce ai nasa katakon ya bushe sarai, kuma zai shafe shi da banish. Bushewa ba ta hana shi sake sha, banish kuma jinkirta laima yake yi, ba ya tare ta. In ma sama kaɗai aka shafa aka bar ƙasa, gefe ɗaya zai riga ɗaya sha, a sami gantsarewar da ake gudu. Wani kuma zai ce filawud na lotsawa, ruwa na ɓare shi. Da gaskiyarsa, in siriri ne mai araha. A sami mai kaurin milimita 18, mai walda ya yi masa firam na ƙarfe, a goge da samfefa, a shafe sama da ƙasa da baki huɗu daidai wa daida, sannan a murza kaki a sama don katako ya riƙa zamewa. Wajen ɗaurawa a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a duba. Fiffike ya yi ƙasa da teburi da kaurin takarda ba laifi, amma kada a yarda ya ɗara shi ko kaɗan.