Cutar da Likita Ya Nema Ya Rasa a 1929

A shekarar 1929 wani likita Bature mai suna Donnison, da ke aiki a yammacin Kenya kusa da Tafkin Biktoriya, ya buga wani rahoto a mujallar likitoci ta Lancet. Cikin shekara biyu an kwantar da majinyata kusan 1,800 a asibitinsa, bai samu mai hawan jini ko ɗaya ba. Abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne, a Ingila awon jini hawa yake yi da shekaru, amma a can da mutum ya haura 40 sai ya fara sauka.

Yau labari ya sha bamban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 27 cikin ɗari na manyan Afirka suna da hawan jini, fiye da kowane yanki. A duniya kuwa masu cutar sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. To, daga ina ta ɓullo?

Gado aka fara tuhuma. Baƙaƙen fatar Amurka sun fi fararen can fama da cutar, sai aka ce a jinin baƙi take. Har wasu suka ce a jiragen bayi, masu jikin da ke riƙe gishiri ne suka tsira daga gudawa da ƙishirwa, suka bar wa jikokinsu. Zancen ya yi daɗin ji, ya bazu.

Richard Cooper na Jami'ar Loyola a Shikago, da abokan aikinsa irin su Charles Rotimi ɗan Najeriya, suka ce a gwada a gani. Suka auna mutane kusan 10,000 a Najeriya da Kamaru da tsibiran Karebiya da Amurka, duk tushensu ɗaya. A 1997 sakamako ya fito: kashi 16 a Afirka ta Yamma, 26 a Karebiya, 33 a Amurka. Da jini ne kaɗai, da an ga adadi ya yi kunnen doki. Abin da ya bi sahun cutar taku-taku shi ne ƙiba da cin gishiri. Gado yana da nasa kason, babu musu, amma bai isa ya ɗauki laifin shi kaɗai ba.

Saura a kama cutar tana shigowa. A shekarun 1980 Neil Poulter da tawagarsa suka auna 'yan ƙabilar Luwo a ƙauyukansu, sannan suka bi waɗanda suka tafi ci-rani Nairobi. Cikin 'yan watanni awon jininsu ya ɗaga, nauyinsu ya ƙaru. Fitsarinsu ya tona sauran: gishiri ya yi yawa, sinadarin fotasiyam da ake samu a ganyaye da wake ya ragu.

Binciken Intersalt na 1988, a wurare 52 cikin ƙasashe 32, ya cike gurbin. A cikinsa aka ga mutanen Yanomami na dajin Burazil ko giram ɗaya na gishiri ba sa ci a yini, kuma tsofaffinsu da samarinsu awonsu kusan ɗaya ne. Ashe ba tsufa kaɗai ke ɗaga jini ba. Gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya yi wa jijiyoyi yawa, ƙoda da zuciya su yi ta wahala shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Dubi tukunyar miyar kuka a gidajenmu na birni: an zuba gishiri, an marmasa dunƙule uku ko huɗu, sannan maigida ya barbaɗa yaji, shi ma da dunƙule aka daka shi. Da safe taliyar leda da burodi. Mutumin da kakansa ke wuni da fartanya a hannu, shi yana zaune a shago daga hantsi zuwa magariba, ga teɓa, wani ga sigari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda cutar take ɓuya. Kusan rabin masu ita ba su san suna ɗauke da ita ba, don sau da yawa ko ciwon kai ba ta sawa. Sai magidanci ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ko sammu. Alhali awon mintuna kaɗan, a naɗa masa abin awo a damtse, ya isa ya nuna ta: 140 bisa 90 ko sama, a ranaku biyu daban-daban.