Kalmar "Noise" da Takwarorinta na Hausa: Surutu, Hayaniya da Ƙara

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi kalmar Ingilishi "noise" da irin wahalar da take bai wa mai fassara. An tsara misalan ne bisa Hausar yau da kullum ta Chaza a Suleja, garin da Haɓen Zazzau suka kafa a 1828 da sunan Abuja, inda Hausa ce ke haɗa Bahaushe da Gbagyi da Koro a kasuwa.

2.0 Tarihin Kalmar

Ingilishi ya aro kalmar ne daga tsohon Faransanci wajen ƙarni na 13. A can ma'anarta ba ta tsaya ga sauti mai ƙarfi ba, ta haɗa har da rigima, kuma har yau tana nan cikin wani salon maganar Faransawa mai nufin neman faɗa. Masana da dama suna mayar da tushenta ga kalmar Latin mai nufin tashin zuciya, irin wanda ke kama matafiyi a jirgin ruwa, ko da yake ba kowa ya yarda ba. A ƙarni na 16 da na 17 har rukunin makaɗa akan kira da wannan suna a Ingila. Daga baya ma'anar ta tsuke, ta koma sautin da kunne ba ya so.

3.0 Takwarorinta na Hausa

Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe wannan fili. Surutu aikin baki ne. Shi ya sa a firamare monita ke rubuta sunayen "masu surutu", amma ba a cewa injin niƙa yana surutu. Hayaniya kuwa sai da taro, kuma tana ɗauke da ma'anar da Ingilishi ya yar:

(1) An yi hayaniya a tasha.

Mai sauraro zai fi ɗauka cewa an yi cacar baki ne, wataƙila har an cakumi riga, ba wai muryoyi kawai suka yi yawa ba.

Ƙara ta fi su ban sha'awa. Ita ce ta inji da babur da bindiga, ita ce kuma kukan da mutum ke kaiwa gaban mai unguwa ko alƙali. (Aikatau "ƙara", wato daɗa, kalma ce daban; karin sauti ne ya raba su.) A unguwa mai cunkoso irin Chaza, inda shago ke manne da ɗakin kwana, ma'anonin biyu sukan haɗu a jimla ɗaya:

(2) Ya kai ƙarar maƙwabcinsa saboda ƙarar janareta.

Ke nan dangantakar sauti da jayayya, wadda sai an tono tarihi ake ganin ta a Ingilishi, a Hausa tana nan da rai.

Wannan ba gardamar malamai kaɗai ba ce. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin taƙaita irin wannan sauti a ƙarƙashin hukumar NESREA. In mai fassara ya ce "dokar hana surutu", mai injin niƙa zai ce ba da shi ake ba. In ya ce "hana hayaniya", sai a zaci taro ko faɗa ake nufi. "Dokar hana ƙara" ta fi muni, domin talaka na iya jin an rufe masa ƙofar kotu ne. Abin da ya fi dacewa shi ne "ƙara mai cutar da kunne", duk da tsawonta, ko kuma a ambaci mai ƙarar kai tsaye: ƙarar inji, ƙarar lasifika.