Filin da Aka Keɓe Ba Filin Banza Ba Ne

Akwai wata magana da ake yawan ji a majalisun unguwanni da rumfunan dillalan filaye a Kano: wai duk filin da hukuma ta keɓe, ba a gina shi ba, ba a noma shi, asara ce kawai, gara a yanka shi fuloti-fuloti a raba wa jama'a. Masu wannan ra'ayi mutanen kirki ne, kuma ba su rasa hujja ba. Gari ya cika ya batse, kuɗin haya ya fi ƙarfin magidanci, ga shi sun sha ganin an hana talaka wuri da sunan tsari, sai a wayi gari mai uwa a gindin murhu ya jera shaguna a wurin. Sai dai fa a nan an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: cin amanar tsari daban, amfanin tsarin kansa daban.

Mu fara da kududdufi. Yawancin kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka zama matattarar ruwan sama. Kowa ya san yadda ake cinye su. Da fari a mai da bakin ramin juji, shara ta yi ta taruwa. Daga nan tifa ta zo ta juye ƙasa, a kafa fegi, a zuba harsashi. Ruwan da ya saba sauka a wurin kuwa bai san an sayar ba. Ranar da aka tafka ruwa a watan Agusta, zauren maƙwabci zai shiga, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Mutum ɗaya ya sami fuloti, unguwa guda ta biya kuɗinsa.

Haka abin yake a karkara. A shekarar 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, ban da burtali da mashaya da aka gada tun kaka da kakanni. Manomi yakan ci taku ɗaya na burtali bana, baɗi ya ƙara, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma siririya. Ran da shanu suka faɗa gona, sai a ce faɗan manomi da makiyayi ne, alhali tun ranar da aka ture alamar iyaka aka shuka shi.

Wasu kan ce gandun daji ya zama maɓoyar ɓarayi, don haka a sare a huta. Tsoronsu gaskiya ne. Amma a dubi Dajin Falgore: Kogin Kano ta cikinsa yake ratsawa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda ke shayar da noman rani a Kura da Kadawa. In aka aske dajin, zaizaya za ta kwaso yashi ta cike madatsar a hankali, mai shinkafa da mai tumatir su kwana a ciki. Abin da dajin ke buƙata masu gadi ne da kayan aiki, ba gatari ba.

Kuma kada a ɗauka keɓe wuri bidi'ar Turawa ce. Garuruwanmu sun daɗe da sanin hurumi, inda ake kiwo, a yi itace, a binne mamata, ba mai ikon cewa nasa ne shi kaɗai. Littattafan fiƙihu ma sun yi babi a kan haka: Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u domin dawakan Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka, har ya umarci mai kula da wurin ya sassauta wa masu ƙaramin garke. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ita ma cewa ta yi ƙasa amana ce a hannun gwamna domin amfanin kowa, ba mallakarsa ba.

To, in an ga jami'i ya sayar da abin da aka ba shi amana, maganin ba a raba sauran ba ne. A fito da taswirar tsarin kowace unguwa a manna inda jama'a za su gani, a dasa alamomin iyaka da sanin mai unguwa da dagaci, kada a sauya amfanin wuri sai an ji ta bakin mazauna yankin. Mai sayen fuloti kuma, kafin ya miƙa wa dillali kuɗi, ya je hukumar tsara birane ya tambayi abin da aka ware wurin dominsa. Takardar ciniki ba ta hana rusau, ba ta kuma tare ambaliya.